GURBIN DA BABU A TAKARDA: TARIHIN SHIGAR DA MA'AURATA 'YAN JINSI ƊAYA CIKIN ƘIDAYAR JAMA'AR AMURKA

GABATARWA

Wanda ya ga malamin ƙidaya tsaye a ƙofar gida, da takarda da alƙalami a hannu, zai zaci aikinsa bai wuce lissafa kawuna ba. Amma kafin malamin nan ya baro ofis, wasu sun riga sun zauna sun yanke shawarar irin tambayoyin da zai yi, da irin amsoshin da takarda za ta karɓa. Abin da aka yi wa gurbi shi zai fito cikin alƙaluma. Abin da ba a yi wa gurbi ba kuwa, ko malamin ya gan shi da idonsa, sai dai ya cusa shi cikin gurbin wani abu dabam. Mu a Nijeriya wannan ba baƙon zance ba ne, domin bayan rigingimun ƙidayar 1962 da ta 1963, da soke ta 1973, an cire tambayar addini da ta ƙabila daga ƙidayar 1991 da ta 2006, saboda sanin cewa tambaya kaɗai tana iya tayar da ƙura.

Wannan maƙala za ta bi diddigin wani gurbi guda a takardar ƙidayar Amurka, watau gurbin maza biyu ko mata biyu da ke zaune gida ɗaya a matsayin ma'aurata. Addinai da al'adu da dokokin ƙasashe sun faɗi albarkacin bakinsu game da auren jinsi, Nijeriya ma ta haramta shi da dokar da aka sa wa hannu a watan Janairun 2014. Ba wannan fage maƙalar ta shiga ba. Abin da ta sa gaba shi ne tarihi: yadda wata hukuma ta yi shekara talatin tana kokawa da amsar da mutane suka ba ta, ta goge ta, ta sauya mata suna, ta ƙirga ta fiye da kima, kafin daga bisani ta koyi yadda ake tambayar.

MAIGIDA DA SAURAN JAMA'A

Tsarin mulkin Amurka ya wajabta ƙidaya kowace shekara goma, domin da ita ake raba kujerun Majalisar Wakilai tsakanin jihohi. An yi ta farko a 1790, jami'ai suka bi ƙasa bisa dawakai, suka samo mutum kusan miliyan 3.9. Sunan maigida kaɗai aka rubuta. Sauran mutanen gida lamba ce kurum a ƙarƙashin rukuni: fararen maza masu shekara 16 zuwa sama, fararen maza yara, fararen mata, sauran 'yantattu, sai bayi. Bawa ma, wajen rabon kujeru, kashi uku bisa biyar na mutum aka ɗauke shi.

Sai a 1850 aka fara rubuta sunan kowane ɗa. Bayi kuwa aka ware musu takarda dabam, inda ake sa shekarunsu da jinsinsu da launinsu a ƙarƙashin sunan ubangijinsu. Bawa da baiwa da suka yi shekara ashirin tare, suka haifi 'ya'ya, doka ba ta san aurensu ba, takarda ma ba ta san shi ba. Sai a ƙidayar 1870, bayan yaƙin basasa, sunayen mafi yawansu suka shiga. Ke nan tun ran gini tun ran zane, takardar nan ta saba da barin wasu iyalai a waje.

A 1880 aka shigo da tambayar da wannan tarihi duka ya rataya a kanta: mene ne dangantakar kowane mutum da maigida? Mata ce, ɗa ne, ɗan haya ne, ko bara? Mata biyu da suka haɗa gida suka tsufa tare, irin zaman da a ƙarshen ƙarni na 19 ake yi wa laƙabi da auren Boston, sai a rubuta ɗaya mai gida, ɗayar kuma 'yar haya ko abokiyar zama. Kalmar abokin zama kuwa ta haɗa har da masu haƙar ma'adinai da 'yan kasuwar da suka kama ɗaki ɗaya don rage kuɗin haya. Saboda haka mai binciken tarihi a yau ba ya iya bambance wanda haya ta haɗa da wanda ƙauna ta haɗa.

Haka aka yi ta tafiya har shekara ɗari. A cikin wannan zamani, in mace mai aure ta ce ita ce shugabar gida, al'adar Hukumar Ƙidaya ita ce ta mayar da shugabancin ga mijin. Da ƙungiyoyin mata suka matsa, a ƙidayar 1980 aka jefar da kalmar maigida, aka koma cewa a fara da sunan wanda ya mallaki gidan ko ya kama hayarsa, namiji ne ko mace. Shi ne ake kira mutum na ɗaya, kowa kuma sai ya faɗi dangantakarsa da shi.

ƘOFAR DA AKA BUƊE DON WASU

Daga shekarun 1970 zaman namiji da mace ba tare da aure ba ya yawaita a Amurka, hukuma kuwa ba ta da hanyar sanin yawansu sai ta kirdado. Don magance wannan, a takardar 1990 aka ƙara gurbi sabo: abokin zama ba aure. Ba a yi shi da nufin 'yan jinsi ɗaya ba. Amma da yake takardar tana tambayar jinsin kowa, kuma tana tambayar dangantaka, duk namijin da ya sa alama a wannan gurbi game da wani namiji ya riga ya ba da labarin gidansa. Da aka tattara, aka sami gidaje 145,130 irin waɗannan. Wannan ne karo na farko da gwamnatin Amurka ta sami wani adadi nasu, ba tare da ta nema ba.

Sai dai akwai waɗanda ba su zaɓi sabon gurbin ba, suka sa alama a gurbin miji ko mata, domin haka suke kallon kansu. A nan ne wani hannu da ba a gani ya shigo. Kowace ƙidaya tana da matakin da ake kira gyara, inda kwamfuta ke bin amsoshi tana daidaita waɗanda suka saɓa wa juna, alal misali ɗan shekara uku da aka rubuta yana da mata. An koya wa na'urar 1990 cewa miji da miji abu ne da ba ya yiwuwa, don haka in ta ci karo da shi kuskure ne. Ko dai ta canza jinsin ɗaya daga cikinsu su zama miji da mata na al'ada, ko kuma ta canza dangantakar ta mayar da shi ɗan'uwa ko abokin haya. Namiji ya cika takarda da hannunsa, ya kwana namiji, ya wayi gari mace cikin alƙaluman gwamnati, bai kuwa sani ba.

Bugu da ƙari, adadin 1990 ya zo a lokacin tsoro. A 1986 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ikon jihohi na hukunta saduwar jinsi ɗaya, kuma kusan rabin jihohin suna da irin wannan doka. Soja yana iya rasa kakinsa, uwa tana iya rasa riƙon 'ya'yanta a kotu. Gaskiya ne doka ta hana Hukumar Ƙidaya bai wa kowa bayanan mutum, kuma ba a buɗe takardun sai bayan shekara 72. Amma Amurkawa ba su manta ba cewa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi amfani da bayanan ƙidaya wajen gano unguwannin 'yan asalin Japan da aka kwashe zuwa sansanoni daga 1942. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da yawa suka rubuta abokin haya suka rufa wa kansu asiri.

DOKA TA SHIGA TSAKANI

A watan Satumban 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a Dokar Kare Aure, wadda ta ce a wurin gwamnatin tarayya aure shi ne tsakanin namiji ɗaya da mace ɗaya. Hukumar Ƙidaya ma'aikatar tarayya ce, dole ta bi. Amma masananta sun gane cewa canza wa mutum jinsi ɓarna ce ga alƙaluma. Saboda haka a ƙidayar 2000 suka ɗauki hanyar tsakiya: in mutum biyu 'yan jinsi ɗaya suka ce su ma'aurata ne, a bar musu jinsinsu, a mayar da su gurbin abokan zama ba aure. An daina goge gidan, amma an sauya masa suna.

Sakamakon ya girgiza jama'a. Aka sami gidaje 594,391, maza 301,026, mata 293,365, kuma suna warwatse a kusan kowace gunduma ta ƙasar, har ƙauyukan da ake zaton babu ko ɗaya. Jaridu suka yi ta shelar cewa adadin ya ninka sau huɗu cikin shekara goma. Hukumar kuwa ta yi kashedi cewa kada a kwatanta 1990 da 2000, domin ma'aunin ne ya sauya. Wani abin da ya ja hankali shi ne batun yara. Alƙaluman sun nuna kusan ɗaya bisa uku na gidajen mata, da sama da ɗaya bisa biyar na gidajen maza, suna da yara ƙanana. Lauyoyi suka ɗauki waɗannan lambobi suka shiga da su kotu, 'yan majalisa suka yi ta jayayya da su. Babu wanda ya san cewa akwai tsutsa cikin goron.

KUSKURE ƘARAMI, ƁARNA BABBA

Kafin ƙidaya ta gaba ƙasa ta motsa. Holand ta halatta auren jinsi a 2001, ita ce ta farko a duniya. A 2003 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe dokokin hukunta saduwar da suka rage a jihohi fiye da goma. A watan Mayun 2004 jihar Massachusetts ta fara ɗaura irin wannan aure, kuma kafin ranar ƙidaya, 1 ga Afrilun 2010, Connecticut da Iowa da Vermont da New Hampshire da birnin Washinton sun bi sahu. A lokacin akwai mutane riƙe da takardar aure ta halal a dokar jiharsu, wadda tarayya ba ta yarda da ita ba. Gwamnatin Barack Obama ta amince a wallafa adadin waɗanda suka kira kansu ma'aurata a wani jadawali na musamman.

Da aka yi lissafi aka sami gidaje 901,997, daga ciki 349,377 sun ce ma'aurata ne. Nan take masana suka ga da sake, domin takardun auren jinsi da aka bayar a duk faɗin ƙasar a lokacin, bisa kiyasi, ba su wuce 50,000 ba. Ina sauran suka fito?

Amsar tana cikin lissafi mai sauƙi. A 2010 ma'aurata maza da mata a Amurka sun kai kimanin miliyan 56. In a cikin kowane gida dubu, gida ɗaya tak ya yi kuskuren sa alama a akwatin jinsi, an sami gidaje 56,000 na bogi da za su faɗa rukunin 'yan jinsi ɗaya. Ga babban rukuni wannan asara ba ta kai cikin cokali ba, amma ga ƙaramin rukuni ambaliya ce. Bincike ya nuna kuskuren ya fi yawa a takardar da malaman ƙidaya ke yawo da ita gida gida wajen waɗanda ba su maido da tasu ta gidan waya ba, saboda tsarin akwatunanta yana sa hannu ya zame. A 1990 na'ura tana shanye irin wannan kuskure, domin tana mayar da su miji da mata. Da aka hana ta yin haka don a kare amsar masu gaskiya, sai kuskuren ya sami hanyar wucewa.

Dabarar da hukumar ta yi ita ce komawa ga sunaye. Ta harhaɗa kundin sunayen yanka, tana duba kowane suna sau nawa masu shi suka ce su maza ne. In suna ya kasance na maza a kashi 95 bisa ɗari ko fiye, amma aka sa masa alamar mace, sai a ɗauka hannu ne ya zame. Sunayen da maza da mata ke tarayya a kansu aka bar su yadda suke. A watan Satumban 2011 aka fito da adadin da aka tace: gidaje 646,464, ma'aurata 131,729, abokan zama 514,735. Watau sama da kashi ɗaya bisa huɗu na adadin farko kuskure ne. Aka waiwayi ƙidayar 2000 da wannan ma'auni, 594,391 ya sauko zuwa 358,390. Lissafin yara ma ya ragu, domin gidajen da suka faɗo bisa kuskure galibinsu na miji da mata ne masu 'ya'ya. Duk da haka an sami gidaje kimanin 115,000 masu yara a 2010.

A lura, ko bayan tacewa, 131,729 ya ninka yawan takardun aure fiye da sau biyu. Wasu sun yi aurensu a Kanada, wasu sun yi rajistar zaman tare a jiharsu, wasu kuwa babu takardar komai, shekaru ne kawai suka tara. Ƙidaya ba ta neman shaida. Abin da mutum ya kira kansa shi take rubutawa.

BA AMURKA KAƊAI BA

Domin kada mai karatu ya zaci matsalar ta Amurka ce kurum, ya kamata a leƙa maƙwabta. Kanada ta fara ƙirga irin waɗannan gidaje a 2001, ta sami kimanin 34,200. Bayan ta halatta auren a 2005, ƙidayar 2006 ta sami ma'aurata kusan 7,500. A 2011 sai hukumarta ta yi gargaɗi cewa mai yiwuwa adadin ma'auratan ya kumbura da har 4,500. Dalili kuwa, 'yan ci-rani da suka tafi aiki yankunan man fetur na yamma sukan haɗa ɗaki, kowannensu ya rubuta cewa yana da aure, alhali matansu suna can gida, na'ura kuma ta aurar da su ga juna.

Ingila da Wales sun wuce nan a 2021. Maimakon dogaro da dangantakar cikin gida, suka tambayi duk mai shekara 16 zuwa sama kai tsaye, ba tilas, irin jinsin da yake sha'awa. Kimanin mutum miliyan 1.5, kashi 3.2 bisa ɗari, suka ce ba sa cikin rukunin masu sha'awar ɗaya jinsin kaɗai, wasu miliyan 3.6 kuma suka bar gurbin babu amsa. Wata tambaya ta biyu, game da ko jinsin mutum ya saɓa da wanda aka rubuta masa ranar haihuwa, ta zo da tangarɗa, domin an gano cewa wasu da Turancinsu bai nuna ba sun yi mata gurguwar fahimta. A 2024 aka rage wa alƙalumanta daraja. A Ostareliya ma, cikin 2024, gwamnati ta ce ba za ta sa irin waɗannan tambayoyi a ƙidayar 2026 ba, da suka ya yi yawa ta janye maganar. Ko'ina aka duba, tambayar ce ake faɗa a kanta tun kafin a sami amsa.

GURABE HUƊU

A Amurka kotu ce ta warware ƙullin. Edith Windsor da Thea Spyer sun zauna tare sama da shekara arba'in, suka yi aure a Toronto a 2007. Da Spyer ta rasu a 2009, gwamnatin tarayya ta nemi Windsor ta biya harajin gado dala 363,053, kuɗin da matar aure ba ta biya a kan dukiyar mijinta. Ta kai ƙara, ranar 26 ga Yunin 2013 Kotun Ƙoli ta rushe sashen Dokar Kare Aure da ya hana tarayya amincewa da irin aurenta. Shekara biyu cif bayan haka, ranar 26 ga Yunin 2015, kotun ta halatta auren jinsi a dukkan jihohi. A Disamban 2022 Majalisa ta soke abin da ya rage na dokar 1996.

Hukumar Ƙidaya ta ɗauki darasin 2010. Bayan gwaje-gwaje na shekaru, a takardar 2020 ta raba tsohuwar tambayar 1880 gida huɗu: miji ko mata na ɗaya jinsin, miji ko mata na jinsi ɗaya, abokin zama na ɗaya jinsin, abokin zama na jinsi ɗaya. Ta haka mutum yake faɗin abu sau biyu, a gurbin jinsi da gurbin dangantaka, in hannu ya zame a ɗaya, ɗayan zai tona. Wanda ya cika ta intanet ma, in amsoshinsa suka saɓa, na'ura takan nemi ya sake dubawa. Aka sami ma'aurata kimanin 668,000 da abokan zama kimanin 500,000, cikin gidaje kusan miliyan 127. Duka biyun a haɗe ba su cika kashi ɗaya bisa ɗari ba.

Har ila yau akwai waɗanda takardar 2020 ba ta gani ba. Tun da komai ana auna shi ne da mutum na ɗaya, ma'auratan da ke zaune a gidan iyayen ɗayansu sun fito ne a matsayin ɗa da suruki, ko ɗa da wani baƙo. Wanda ke zaune shi kaɗai, ko wanda abokin zamansa ya rasu, ba shi da gurbi. A watan Maris na 2017 tambayar kai tsaye ta bayyana cikin jerin batutuwan da hukumar ta miƙa wa Majalisa, sai aka cire ta cikin hanzari, aka ce bisa kuskure ta shiga.

KAMMALAWA

Idan aka jera alƙaluman nan, 145,130 a 1990, da 594,391 a 2000, da 901,997 a 2010, wanda bai san tarihinsu ba zai ce ga al'umma tana ninkuwa kamar fara. Wanda ya sani kuwa zai ga cewa na farko ya gaza saboda tsoro da goge amsa, na biyu da na uku sun zarce saboda zamewar hannu. Mai goyon bayan auren jinsi da mai adawa da shi duka sun yi shekaru suna gardama da lambobin da ba daidai ba, kowa yana jan su zuwa ɓangarensa. Gyaran bai zo daga ɗayansu ba. Ya zo ne daga ma'aikatan da suka yarda su sake duba aikinsu, suka rage adadi da hannunsu, suka sake tsara tambaya.

Ɗalibin tarihi da ya ci karo da adadi a littafi, kowane iri ne, ya dace ya nemi takardar da aka yi tambayar da ita, ya ga gurabenta, sa'an nan ya binciki abin da aka yi wa amsa bayan ta isa ofis. An buɗe takardun ƙidayar 1950 a watan Afrilun 2022, Amurkawa suka yi ta neman sunayen kakanninsu, da yawa suka tarar da wata goggo da aka rubuta mata 'yar haya wadda ta yi shekara da shekaru ba ta tashi ba. Bayanan 2020 kuwa sai a 2092 za a buɗe su. Jikokin da za su duba a wannan rana ba za su sha wahalar kirdado ba, domin za su tarar da abin da mutanen gidan suka faɗa da bakinsu.